Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: makomar tsofaffin ƴan damben keji da masu yi musu sharhi

A daren 30 ga watan Disamba na shekara ta 2016, a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, Mike Goldberg ya zauna gaban makirufo kamar yadda ya saba tun 1997, ya yi sharhin wasan damben keji na kamfanin UFC har aka tashi. Shi ne darensa na ƙarshe, kuma an riga an sanar da haka. Shekara 19 muryarsa na rakiyar kowane naushi da kowane kaye zuwa gidajen miliyoyin mutane, amma kamfanin bai ware ko minti guda ya yi masa bankwana a gaban masu kallo ba. Shi da kansa ya gode wa abokan aikinsa, aka kashe fitilu. A cikin wannan watan ne kuma aka sallami Chuck Liddell da Matt Hughes, zakaru biyu da suka goya kamfanin tun yana rarrafe, waɗanda aka ba muƙamai a ofis bayan sun bar fage. Wata biyar kafin nan an sayar da kamfanin a kan kimanin dala miliyar 4, dalar Amurka ke nan, ba dalar kasuwar Maraɗi ba. Sababbin masu shi sun buɗe littafin kashe kuɗi, suka tarar da sunayen tsofaffi, suka ja musu layi.

Ba mamaki mai karatu a Damagaram ko Tawa ya ce ina ruwan biri da gada. Ruwansu kuwa babba ne. Wannan wasa da duniya ta sani da haruffa uku, MMA, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokowa da shaƙewa cikin keji mai kusurwa takwas, turmi uku ko biyar na minti biyar-biyar, ya riga ya shigo aljihun samari ta wayar salula. Duk malamin da ke saurarar hirar ɗalibansa a lokacin shan iska ya ji sunayen Francis Ngannou na Kamaru da Kamaru Usman da Israel Adesanya ƴan asalin Nijeriya, waɗanda a shekara ta 2021 suka riƙe kambun duniya uku a lokaci guda. Yaran suna ganin kambu da mota da tafi. Abin da ba a nuna musu shi ne inda ɗan wasa yake komawa ranar da ƙafarsa ta daina ɗaukarsa. Wajibi ne a nuna musu, domin tsarin da aka gina wannan wasa a kansa zalunci ne da aka yi wa ado, kuma alamu sun nuna yana neman hanyar shigowa filayen dambe da kokowa na wannan yanki.

Lissafin da kotu ta bankaɗo

An yi wasan UFC na farko a birnin Denver a watan Nuwamba na 1993. A 2001 wasu ƴan'uwa biyu masu gidajen caca, Lorenzo da Frank Fertitta, suka saye shi a kan dala miliyon 2, suka ɗora abokinsu Dana White a kan shugabanci. Bayan shekara 15 suka sayar da shi da ninki dubu biyu na abin da suka biya. A watan Agusta na 2025 kamfanin Paramount ya amince zai biya dala miliyar 7 da miliyon 700 domin nuna wasannin a Amurka na tsawon shekara 7. Ba wanda zai ce babu kuɗi a wannan harka. Abin tambaya shi ne nawa ke isa hannun wanda ake fasa wa hanci.

Shekaru da dama kamfanin ya ɓoye amsar, har sai da wasu tsofaffin ƴan wasa, cikinsu da Cung Le da Jon Fitch da Nate Quarry, suka kai shi ƙara a watan Disamba na 2014, suna zarginsa da mamaye kasuwa da danne ladan ƴan wasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: takardun da shari'ar ta fito da su sun nuna cewa rabon ƴan wasa gaba ɗayansu yana yawo ne tsakanin kashi 16 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin da ke shigowa. A ƙasar nan ta Amurka, ƴan ƙwallon kwando na NBA suna karɓar kusan rabi, haka ma ƴan ƙwallon Amurka na NFL suna karɓar wajen kashi 48, kuma dukansu suna da fansho. Wato wanda ke jefa ƙwallo cikin kwando yana cin rabin tuwon, wanda kuwa ake dukan kansa da gwiwa ba ya samun ko kashi ɗaya cikin biyar.

A ƴan shekarun nan sabon shiga yakan fara da dala dubu 10 ko dubu 12 na hawa fage, da wasu kamarsu in ya yi nasara. Dala dubu 12 wajen miliyon 7 ne na sefa, kuma a kunnen malamin makaranta dukiya ce. Sai dai daga ciki ne za a biya mai horaswa da wakili da haraji da abinci da kuɗin ɗakin atisaye na wata biyu ko uku, alhali ɗan wasa ba ya hawa fage fiye da sau biyu ko uku a shekara, in ma rauni bai kwantar da shi ba. Rabin ladan kuma yana rataye ne a kan nasara, ta yadda wanda aka kayar, wanda shi ne ya fi shan wuya, shi ne zai koma gida da rabi. Da irin wannan lada ake cewa ya yi tanadin tsufa.

Ma'aikaci a ranar umurni, ɗan kasuwa a ranar haƙƙi

Tushen dabarar yana cikin kalma guda. A idon doka ɗan wasan UFC ba ma'aikacin kamfani ba ne, ɗan kwantaragi ne mai zaman kansa. Malaman makaranta na Nijar ba su buƙatar a fassara musu wannan kalma. Ɗan kwantaragi ba shi da fansho, ba shi da inshorar lafiya ta dindindin, kuma dokar ƙwadago ta Amurka ba ta ba shi kariyar da take ba ma'aikaci wajen kafa sandika. Amma wannan mai zaman kansa ba shi da ikon yin wasa a wani kamfani muddin kwantaraginsa na aiki, ba shi ke zaɓen ranar wasa ba, in ya ƙi abokin karawar da aka ba shi ana iya tsawaita wa'adinsa, in kuma ya sha kaye ana iya sallamarsa.

Hatta tufafin jikinsa ba nasa ba ne. Kafin 2015 ƴan wasa na samun kuɗi mai tsoka ta hanyar ɗinka tallar kamfanoni a wandonsu. A wannan shekarar cinikin da UFC ya ƙulla da kamfanin Reebok ya fara aiki, ya hana kowace talla, ya yanka wa sabon shiga dala 2.500 a kowane wasa. Jacob Duran, dattijon da ya yi shekaru yana ɗaure wa ƴan wasa hannu yana tsai da jinin goshinsu tsakanin turmi da turmi, ya faɗa wa wani ɗan jarida cewa sabon tsarin ya raba shi da masu ɗaukar nauyinsa. A cikin watan Yuli na 2015 aka kore shi. Tun a 2008 ma an taɓa sallamar Jon Fitch na ɗan lokaci saboda ya ƙi sa hannu a takardar da ta mallaka wa kamfanin siffarsa har abada domin wasan kwamfuta. Tsofaffin wasanni ana ta maimaita su ana sayarwa, jinin da ya zuba shekara 20 da suka wuce yana ci gaba da kawo riba, mai jinin kuwa an biya shi sau ɗaya an gama.

Bashin da jiki ke biya daga baya

Ciwon wannan sana'a ba ya bayyana a ranar wasa. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin ƴan dambe ke tangaɗi kamar masu maye saboda yawan dukan kai. A 2002 Bennet Omalu, likita ɗan asalin Nijeriya, ya binciki ƙwaƙwalwar wani mamaci ɗan ƙwallon Amurka, Mike Webster, ya gano lalacewar da yawan girgizar kai ke jawowa, wadda ke zuwa da mantuwa da fushi da baƙin ciki da rikicewar tunani. Shi ne kuma a 2016 ya sanar da an gano cutar a ƙwaƙwalwar Jordan Parsons, ɗan damben keji da mota ta kashe yana da shekara 25 kacal. Cuta ce mai haƙuri, takan jira ɗan wasa ya bar fage, kwantaragi ya ƙare, inshora ta yanke, sannan ta fito.

Labarin Spencer Fisher ya ishi misali. Ya yi wasa 17 a UFC tsakanin 2005 da 2012, masu kallo na sonsa saboda ba ya ja da baya. A 2013 hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna tabo, aka hana shi wasa. Kamfanin ya riƙa ba shi dala dubu 5 a wata da sunan wani ɗan aiki, kuma wannan abin a yaba ne. Amma da aka sayar da kamfanin, a farkon 2017 kuɗin suka tsaya. A 2021 ya fito ya faɗa wa duniya halin da yake ciki na mantuwa da jiri da kasa aiki. Da aka tambayi Dana White, sai ya amsa cewa Fisher ba shi ne na farko ba, ba kuma zai zama na ƙarshe ba, abin yana cikin sana'ar. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ita ce hujja a kansa: in har an san ciwon yana cikin sana'ar, to kuɗin jinyarsa ma ya kamata su kasance cikin lissafin sana'ar, kamar yadda mai motar haya ke sa kuɗin gyara cikin kuɗin mota.

A 2024, lokacin da ake neman sulhu a waccan shari'ar, tsofaffin ƴan wasa fiye da 100 suka rubuta wa kotu suna roƙon a amince da kuɗin sulhu da gaggawa, domin ba za su iya jiran wasu shekaru na shari'a ba. Shane Carwin, wanda ya riƙe kambun riƙon ƙwarya na masu nauyi a 2010, kuma injiniya ne mai digiri, ya rubuta cewa hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya har ya iya riƙe aikin injiniya. Wanderlei Silva na Brazil, wanda a zamaninsa ambaton sunansa kawai ke sa gaban maza faɗuwa, ya rubuta cewa yana ganin alamun lalacewar ƙwaƙwalwa a tare da shi. Alƙali Richard Boulware ya ƙi tayin farko na dala miliyon 335 yana ganin ya yi kaɗan, sannan a watan Fabrairu na 2025 ya amince da miliyon 375 ga ƴan wasa sama da dubu da suka yi wasa tsakanin 2010 da 2017. Shekara 10 ana shari'a. Kamfanin bai amsa laifi ba, sulhun bai kafa fansho ba, kuma abin da zai riƙa karɓa daga Paramount a shekara guda ya kusa ninka wannan kuɗi sau uku.

Kujerar sharhi da ladan kuturu

Duk lokacin da aka tayar da maganar tsofaffi, sai a nuna teburin masu sharhi, a ce ga su nan ana kula da su. Lalle kuwa akwai su. Daniel Cormier, wanda ya riƙe kambu biyu, yana sharhi. Michael Bisping na Ingila, wanda ya rasa ganin idonsa na dama sanadiyyar karawarsa da Vitor Belfort a 2013, ya ci gaba da wasa da ido ɗaya har ya ci kambu a 2016, shi ma ya samu kujera. Sun cancanta, kuma sun iya aikin. Amma kujerun ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, alhali ƴan wasan da ke ƙarƙashin kamfanin a kowane lokaci sun haura 500, waɗanda suka wuce kuwa dubbai ne. Kujerar kuma ta mai lafiyar harshe ce, mai Turanci, mai tunani garau. Wanda duka ya fi yi wa illa, wanda maganarsa ta fara sarƙewa, shi ne ba zai taɓa zama a kanta ba. Taimakon yana tsallake mai buƙata ya sauka a kan mai dama.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. A yawancin wasanni gidan talabijin ne ke ɗaukar mai sharhi, a nan kuwa kamfanin da ke shirya wasan shi ne ke shirya hotunan, shi ne ke zaɓen mai magana. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tsohon zakaran da ya fi kowa sanin zafin ƙarancin lada, wanda in ya yi magana duniya za ta saurara, shi ne aka ba makirufo tare da sanin cewa ana iya karɓewa gobe. Dan Hardy, wanda matsalar zuciya ta raba da fage ya koma sharhi, an sallame shi a 2021 bayan wani saɓani na cikin gida. Ɗan jarida Ariel Helwani, wanda ba ma ma'aikacinsu ba ne a lokacin, an fitar da shi daga filin wasa a watan Yuni na 2016 aka ce an hana shi shiga har abada, saboda ya riga kamfanin ba da wani labari, sai da ƴan jarida suka yi caa sannan aka janye. Wanda ya ga haka, ya kuma tuna da Goldberg da Duran, ba sai an ce masa ya yi shiru ba.

A fagen damben gargajiya an san makaɗi da mawaƙi. Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa, sunan Shago ya rayu har yau a bakin mutanen da ba su taɓa ganin ya ɗaure hannu ba. Mawaƙin dambe na ɗan dambe ne, shi yake kururutawa, jama'a kuma ke yi musu kari su biyun. Mai sharhin damben keji kuwa, komai ƙwarewarsa, maroƙin gardi ne, ba na kura ba. Yana yabon ɗan wasa ne gwargwadon yadda yabon zai sayar da tikiti, ranar da ɗan wasan ya saɓa da kamfani kuwa sai ambatonsa ya yi wuya.

Hujjojin masu kare gardi

Ba za a yi adalci ba in ba a saurari ɗaya ɓangaren ba. Suna cewa iyalan Fertitta sun zuba miliyoyi suna asara kafin wasan ya tsaya da ƙafarsa. Haka ne. Amma abin da ya ceto shi a watan Afrilu na 2005 karawa ce tsakanin Forrest Griffin da Stephan Bonnar, minti 15 suna dukan juna a gaban masu kallon talabijin, kuma shugabannin kamfanin da bakinsu suka sha faɗin haka. Wanda ya zuba kuɗi ya mayar da su ninki-ba-ninki, wanda ya zuba ƙwaƙwalwa ba shi da inda zai sayo wata.

Suna cewa tun 2011 akwai inshorar haɗari da ke biyan raunin atisaye, an gina cibiyar horo da jinya a Las Vegas a 2017, ana ba da gudummawa ga binciken lafiyar ƙwaƙwalwa, ana kuma taimaka wa wasu a asirce. Duk gaskiya ne. Sai dai inshorar ta mai kwantaragi ce, tana ƙarewa tare da shi. Taimakon asiri kuwa alheri ne, kuma alheri da haƙƙi ba su zama ɗaya: haƙƙi ana neman sa da ɗaga kai, a gaban alƙali in ta kama, alheri kuwa sai an rusuna, kuma mai bayarwa na iya dainawa ranar da ya ga dama, kamar yadda Fisher da Liddell da Hughes suka gani.

Suna cewa ba a tilasta wa kowa ba, wanda bai gamsu ba ya tafi wani wuri. Ina ne wani wurin? Kamfanin ya sayi WEC a 2006, ya sayi Pride na Japan a 2007, ya sayi Strikeforce a 2011. Wanda ya saye duk rumfunan kasuwa ba ya da bakin ce wa mai talla ya gwada rumfar gaba. Dokar da majalisar Amurka ta yi a shekara ta 2000 da sunan Muhammad Ali, wadda ta tilasta wa masu shirya damben zamani bayyana wa ɗan dambe abin da suka samu a kan wasansa, ba ta shafi damben keji ba, yunƙurin faɗaɗa ta kuma bai kai gaci ba.

Su ma ƴan wasan suna da nasu laifi. A watan Janairu na 1964, a birnin Boston, taurarin ƙwallon kwando sun kulle kansu a ɗakin sauya kaya suka ƙi fitowa wasan da za a nuna a talabijin har sai da aka yi musu alkawarin fansho. Manyan ne suka tsaya wa ƙanana. A damben keji an gwada a 2016, Georges St-Pierre da wasu zakaru suka sanar da ƙungiya, ba a jima ba ta watse. A 2018 Leslie Smith, mace ƴar wasa, ta shiga tara sa hannun ƴan'uwanta domin kafa sandika, a cikin shekarar aka rabu da ita, sauran suka sunkuyar da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wasan da ke koya wa mutum cewa na kusa da shi abokin gaba ne yana da wuyar haifar da tsintsiya.

Mutum guda ya nuna ana iyawa. Francis Ngannou, wanda ya yi haƙar yashi tun yana yaro a Batié ta ƙasar Kamaru, ya ratsa Nijeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko a kan hanyar da dubban samari ke bi, ya kwana a titunan Paris, ya ci kambun masu nauyi a watan Maris na 2021. A Janairu na 2023 ya ajiye kamfanin yana riƙe da kambun. Ya bayyana cewa bayan maganar kuɗinsa ya nemi a ba ƴan wasa inshorar lafiya, a mayar musu da ƴancin talla, a ba su wakili a wurin yanke shawara, aka ƙi. Mutumin da ya san yunwar hamada ne ya tuna da waɗanda ke bayansa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

Ɗan damben gargajiya na da can yana da abin da ɗan damben keji ba shi da shi. Mahauci ne ko manomi, yakan fita dambe da kaka bayan an kai amfanin gona gida, in ƙarfi ya ƙare ya koma ga wuƙarsa da gonarsa da danginsa. Fanshonsa ke nan. Ranar da wasa ya zama sana'ar cikakken lokaci, aka raba yaro da gona da makaranta tun yana ɗan shekara 15, wannan fansho ya rushe, in kuma ba a gina wani a madadinsa ba, sai bara. Yau ana ɗaukar damben arewacin Nijeriya a hoto ana watsawa a intanet, miliyoyi na kallo, kamfanoni sun fara shigowa da takardu. A Senegal ƴan kokowa sun fara tsallakawa zuwa keji, har Oumar Kane da ake kira Reug Reug ya ci kambun masu nauyi na kamfanin ONE a 2024. Ba abin da zai hana mai neman ƙarti ya biyo ta Maraɗi da Doso da takarda cikin Turanci ko Faransanci.

Kokowar Nijar ba ta da naushi, amma tana cin gwiwa da baya da wuya. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ƙasar ta san yadda ake girmama gwarzo: filayen kokowa na ɗauke da sunayen Kantu da Langa-Langa da Salma Ɗan Rani. Amma a kowace gasa ƴan kokowa 80 ke shiga, goma daga kowace jaha, ɗaya ke tafiya da takobi da miliyoyi da kyaututtukan manya. Ya kamata ƙungiyoyin al'adu su riƙa tambayar hukumar kokowa da ma'aikatar wasanni game da sauran 79, da na bara, da na shekara 30 da suka wuce: wa ke riƙe da sunayensu, wa ke biyan magani in ciwon baya ya kwantar da su? Tambayar ta shafi makaɗa da ƴan cali-cali da masu sharhin rediyo da ke kai gasar har bukkar makiyayi cikin harsunan ƙasa, waɗanda in ba su gasar ba za ta wuce bangon fili ba.

Maganin ba sabon abu ba ne. Jahar Kaliforniya ta Amurka tana da asusun fansho na ƴan damben zamani tun farkon shekarun 1980, a 2023 kuma ta yi doka ta kafa irinsa ga ƴan damben keji, ana cire wani ɗan abu daga kowane tikiti ana tarawa. Abin da zai shiga hannun kowa ba shi da yawa, amma haƙƙi ne rubutacce. Gasar da kamfanonin waya da bankuna ke rububin liƙa sunansu a kanta ba za ta kasa ware kaso sananne daga kuɗin ƙofa da na talla ba, a zuba a asusun da tsofaffin ƴan kokowa ke da kujera a kwamitinsa, ana karanta lissafinsa a fili kowace shekara. A yi rajistar duk wanda ya taɓa wakiltar jaharsa. A tilasta duba lafiya kafin gasa da bayanta. Kada a bari yaro ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ko Zabarmanci ba, musamman wadda ta shafi hotonsa da muryarsa.

Rabon malamai a wannan aiki shi ne mafi kusa. Ɗalibin da ya zo yana cewa zai bar aji domin ya zama Ngannou, ba a gyara shi da tsawa. A zaunar da shi a yi lissafin tare a kan allo: dala dubu 12, a cire na mai horaswa, a cire na wakili, a cire haraji, a raba saura a kan wata 12, sannan a tambaye shi abin da zai ci yana ɗan shekara 45. In bayan haka ya ce zai yi, ya yi, amma da takardar shaidar karatu a aljihu da idon karanta kwantaragi. Allah ya ba tsofaffin fage lafiya, ya sa masu riƙe da asusu su ji tsoronsa.